Maye, Boka, Ɗan Bori Da Dodo: Mu San Sunan Abu Kafin Mu Jefi Mutum Da Shi

 

Ranar wata Laraba bayan la'asar muna zaune a shagon Baba a babbar kasuwar Jalingo, ciniki ya ɗan lafa, sai wani abokina mai sayar da takalma a layinmu ya miƙo mini wayarsa yana dariya, ya ce, "Kai, zo ka ga mayun Turawa." Da na karɓa sai na ga wasu Turawa ne, mata sun fi yawa, sun yi da'ira a cikin wani daji sun kunna kyandir, ɗaya daga cikinsu ta ɗaga wata 'yar wuƙa sama tana magana. Wanda ya ɗora Hausa a kan bidiyon cewa ya yi wai mayu ne suke taron cin kurwar mutane. Kowa a shagon ya yi a'uziyya, aka yi dariya, aka shiga wata hirar. Ni kam dariyar ba ta zo mini ba, domin kuwa wannan kalma ta "maye" ta taɓa kusan jawo kisan kai a ƙofar gidanmu, ina tsaye ina kallo.

Ni ba malami ba ne, iyakar karatuna sakandare, sai ɗan abin da nake tsinta a littattafai da intanet idan kasuwa ta tashi. Amma wannan magana ta daɗe tana cina, shi ya sa na ga gara in amayar da ita, wanda ya fi ni sani ya gyara mini.

ABIN DA YA FARU A UNGUWARMU

Akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Mumuye daga wajen Zing, mu dai Mama mai doya muke ce mata. Ta fi shekara ashirin tana kawo wa Baba doya yana lodawa zuwa Kano. Da mijinta ya rasu sai ta kama ɗaki haya a unguwarmu, ita kaɗai, ranar Lahadi ta tafi cocinta, sauran ranaku tana kasuwa. Damina biyu da suka wuce wani yaron maƙwabtanmu ɗan shekara shida ya kwanta da zazzaɓi. Kwana uku ana ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi, a na huɗu ya fara fizge-fizge yana sambatu. Cikin sambatun nan sai ya kira sunan Mama, saboda a yammacin da zai kwanta ita ce ta ba shi gasasshiyar masara.

Kafin ka ce kwabo magana ta zaga unguwa cewa Mama ta kama kurwar yaro. Matasa suka fito da ita daga ɗaki, wasu na cewa a tuɓe ta ta tsallake shi, wasu na cewa a ƙone ɗakin, na ga wani da dutse a hannu. Allah Ya sa daidai lokacin Baba ya fito daga sallar magariba. Ya ratsa taron ya tsaya a gabanta ya ce, "Duk wanda zai taɓa matar nan sai dai ya fara da ni. Shekara ashirin muna cin doyarta, 'ya'yana a gabanta suka girma ba ta ci ko ɗaya ba, sai yau?" Sannan ya juya wurin uban yaron ya ce, "Malam, ɗauko shi mu tafi asibiti yanzu, in ya so gobe ma yi maganar maitar."

A asibiti aka gwada jini, ashe zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai. Aka yi masa allurai da ƙarin ruwa, bayan kwana biyar aka sallame shi, yanzu haka yana firamare. Babu wanda ya je ya ba Mama haƙuri. Yara suka ci gaba da gudu idan sun hango ta, mata suka daina karɓar ko gishiri daga hannunta. Ba ta ƙara sati biyu ba ta tattara kayanta ta koma ƙauye.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta kunyata ni. A daren nan ban ɗauki dutse ba, amma ban ce uffan ba, kuma a zuciyata ina cewa to me ya sa yaron bai kira sunan kowa ba sai nata? Wannan tunanin da na yi shi ne ya sa daga baya na zauna na tambayi kaina, shin mene ne ma maye, kuma me ya raba shi da boka da ɗan bori da matsafi, waɗanda mu 'yan yanzu muke zubawa a buhu ɗaya?

KOWANE ABU DA SUNANSA

Hausawa ba su yi rowar kalmomi a wannan fanni ba. Kakata da ke Kano, Allah Ya jiƙanta, ba za ta taɓa kiran boka maye ba, kamar yadda ɗan kasuwa ba zai kira shadda atamfa ba.

Boka mai sana'a ne. Yana da zaurensa, yana da saiwoyi da sassaƙe da ƙulle-ƙulle, da rana tsaka ake zuwa wurinsa a biya shi. Wani iyakarsa maganin itatuwa, wani kuma yakan haɗa da duba da iƙirarin cewa aljanu na faɗa masa gaibu, kuma a nan ne addini ya yi hani mai tsanani. Malamin tsibbu shi kuma da allo da tawada yake aiki, rubutun sha da laya da bugun ƙasa. Wanzami da maɗori da ungozoma masu magani ne, kowa da ɓangarensa. Matsafi shi ne mai wurin tsafi, dutse ko gindin tsamiya ko kuka, inda yake yanka ya zuba jini. Sammu aiki ne da ake yi wa mutum don a cutar da shi, kurciya kuma reshensa ce, wadda aka ce tana sa mutum ya bar gida ya shiga duniya. Kambun baka kuwa ba ya bukatar wani aiki, yawan ambaton mutum ne da baki ko kallonsa da idon sha'awa ko hassada.

Ɗan bori daban yake da duk waɗannan. Galibi ciwo ne ke kai mutum bori, a yi masa girka, daga nan ya zama dokin wani iska, idan mace ce a ce godiya. A kaɗa garaya ko goge ko ƙwarya, a yi wa iskan kirarinsa, ya hau, idan zai sauka a yi atishawa. Suna da Sarkin Bori, suna da Magajiya, kuma a fili suke wasansu kowa na kallo.

To saura maye. A yadda Bahaushe ya ɗauka, maye ba shi da zaure, ba shi da allo, ba shi da garaya. An ce ƙanƙarar maita ce a cikinsa, ko ya tsotsa a nono ko ya saya, da ita yake ganin kurwar mutum ya kama ya ɓoye, mai kurwar ya yi ta ciwo har ya mutu. Shi ya sa muna yara idan muka ga wanda ake zargi sai mu ce kurwata kur.

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya lura da wani abu. Boka da bakinsa yake cewa shi boka ne, har talla yake yi a kasuwa da lasifika. Ɗan bori a dandali yake rawa. Matsafi ya san hanyar wurin tsafinsa. Duk waɗannan ana iya ganin abin da suke yi da ido, a yarda da shi ko a ƙi shi. Amma in ka cire irin su Sarkin Mayu da ke cewa su masu maganin maita ne, maye suna ne da wasu ke liƙa wa mutum. Babu wani aiki da za a kama shi yana yi, babu kayan aiki da za a nuna, hujjar kawai mafarki ce ko sambatun mara lafiya. Kuma ku duba waɗanda ake liƙa wa sunan: tsohuwar da ba ta da ɗa namiji a kusa, matar da mijinta ya mutu, kishiyar da ba a so, almajiri, baƙon da ba shi da dangi a gari. Ni dai tun da nake ban taɓa jin an fito da wani Alhaji mai tireloli an ce ya tsallake yaro ba.

MUTANEN ƁOYE DA SUNAYENSU

Iskokin bori ma ba a dunƙule suke ba. 'Yan bori sun ce suna da birninsu mai suna Jangare, sarkinsu kuwa Sarkin Aljan Sulaimanu. Wani Bature mai suna Fremont Besmer da ya zauna da makaɗan bori a Kano ya rubuta a littafinsa na 1983 cewa zauruka goma sha biyu ne a birnin, kowane da iyalinsa. Akwai Malam Alhaji, tsohon malami mai farin kaya da tasbaha da tari. Akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki mai son ado da kyauta da caca. Akwai Kure, akwai Sarkin Rafi, akwai Kuturu, akwai Barhaza Bafillatana, akwai Bagwariya. Har Turawa akwai, su ne Babule, sojoji masu fareti da ba da oda, waɗanda suka ɓulla a Nijar a wajajen 1925 lokacin mulkin Faransa. Idan ka jera su sai ka ga kamar kasuwar Kurmi ce aka ɗauka hoto: malami da ɗan sarki da makiyayi da baƙo, duk wanda Bahaushe ya taɓa zama da shi ya samu gurbi a Jangare.

Wani abin da ya ba ni mamaki, littafin da ya fi daɗewa a kan bori, wanda Manjo Tremearne ya fitar a 1914, yawancin bayanansa a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus ya tattara su. Wato baƙi irinmu, waɗanda suka bar gida da nisa, suka tafi da sunayen iskokinsu kamar yadda muka zo Jalingo da tuwon shinkafa da miyar kuka.

Daga cikin iskokin nan akwai wadda sunanta ya shiga bakin kowa, mai bori da wanda bai taɓa ganin bori ba, ita ce Inna, wadda ake kuma kira Doguwa. An ce ita ke shanye wa mutum hannu ko ƙafa. Daga nan aka samu sunan cutar shan-inna. Shekaru aru-aru iyayenmu suna ganin yaro ya kwana lafiya ya tashi ƙafa ta shanye, suna cewa Inna ce ta sha. Ashe ƙwayar cuta ce da ke bin ƙazantar ruwa da bayan gida. A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar ta daji daga nahiyar Afirka, kuma Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta rabu da ita. Ba yanka aka yi wa Inna ba, ɗigo biyu ne a bakin yaro. Sunan dai ya zauna, amma yau ba wanda zai ce a kai mai shan-inna gidan Magajiya. To me zai hana mu yi wa zazzaɓi mai fizge-fizge da sanƙarau da farfaɗiya irin wannan fahimtar?

Sai kuma dodo. A tatsuniya dodo shi ne ƙaton nan mai haɗiye mutane, abokin karawar Gizo, wanda ake tsorata yara da shi. Amma a nan Taraba muna amfani da kalmar ga wani abu daban, wato dodannin gargajiya na maƙwabtanmu, irin vabo na Mumuye da na Jukunawan Kona da Wukari. Waɗannan mutane ne cikin shiga ta musamman, suna fitowa lokacin jana'iza ko girbi ko shigar da yara sahun manya, a da kuma har hukunta masu laifi suke yi. Ba addininmu ba ne, ba kuma za mu yi shi ba, kuma da yawa daga cikin 'yan waɗannan ƙabilu yau Kiristoci ne ko Musulmi. Amma mai dodo ba maye ba ne. Su ma tsoron maye suke yi kamar yadda muke yi, suna da sunan da suke kiransa a harshensu.

TO SU WANE NE "MAYUN TURAWA"?

Da na koma gida a ranar nan sai na bi diddigin bidiyon abokina. Ashe mabiya wani addini ne da ake kira Wicca. Wani Baturen Ingila mai suna Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya, shi ya fito da shi fili a 1954, shekara uku bayan Ingila ta soke tsohuwar dokarta ta 1735 a kan maita. Shi dai ya ce tsohon addinin kakanninsu ne da ya ɓuya ya gano, amma wani masanin tarihi, Ronald Hutton, ya nuna a 1999 cewa a ƙarni na 20 aka harhaɗa shi daga tsofaffin al'adu da littattafan sihiri da tsarin ƙungiyoyin asiri.

Suna da abin bauta mace da suke dangantawa da wata, da namiji mai ƙaho da suke dangantawa da daji. Ƙungiyarsu ana ce mata koben, a al'ada ba ta wuce mutum 13. Suna da bukukuwa takwas a shekara masu bin juyin yanayi da suke kira sabat, kamar na daren 31 ga Oktoba da na 1 ga Mayu, taron cikar wata kuma esbat. 'Yar wuƙar nan da na gani sunanta atame, ba a yanka komai da ita, nuni ake yi da ita a zana da'ira a iska. Littafin da suke rubuta addu'o'insu da tsare-tsarensu suna ce masa Littafin Inuwa. Alamarsu tauraro ne mai tsini biyar a cikin da'ira, wanda a 2007 gwamnatin Amurka ta amince a riƙa zana shi a kan kabarin sojojinta masu wannan addini. Babbar ƙa'idarsu ita ce kada a cutar da kowa, da yawansu kuma sun yarda cewa abin da ka aikata zai dawo maka ninki uku. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales kimanin mutum 13,000 suka ce Wicca ne addininsu, wasu kimanin 74,000 kuma suka rubuta kansu a matsayin masu bin addinan gargajiya na kafin Kiristanci.

A ma'aunin Musulunci wannan shirka ce tsagwaronta, ba ni da ja a kai. Amma idan za a ba shi suna da Hausa, ya fi kusa da maguzanci ko bori, ba maita ba. Su da bakinsu suke kiran kansu da kalmar witch, suna rubuta ta a takardar ƙidaya, ba kuma wanda ya ce sun kama kurwar ɗansa. Wanda ya fassara bidiyon nan ya ɗauki kalmar da ke sa a ɗauki dutse a unguwarmu ya ɗora ta a kan abin da bai sani ba, mu kuma muka ƙara sabawa da jefa ta ko'ina.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, tatsuniyoyinsu da camfe-camfensu sun yi kama da namu. Suna da wasu halittu da suke kira feri, mazauna tuddai da dazuzzuka, waɗanda mutanen Ayilan da Sikotland saboda tsoro ba sa kama sunansu, sai su ce mutanen kirki ko maƙwabtan arziki, daidai yadda muke cewa mutanen ɓoye. Sun yarda cewa suna musanya jariri, har sukan ajiye ƙarfe a kan gadonsa, kamar yadda iyayenmu mata ke ajiye wuƙa a kan jinjiri. Sun ce mayya tana da kyanwa ko kwaɗo mai yi mata aike, mu kuma muna tsarguwa da baƙar mage da mujiya. A 1895 a ƙasar Ayilan wani mutum ya ƙone matarsa Bridget Cleary har lahira, yana cewa ba ita ba ce, musanya ta aka yi.

Kafin kalmar witch ta zama sunan da wasu ke alfahari da shi, sai da ta ci rayuka masu yawa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa tsakanin ƙarni na 15 da na 18 an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 a Turai da sunan maita, mafi yawansu mata. A garin Salem na Amurka a 1692 an rataye mutum 19, aka danne wani tsoho da duwatsu har ya mutu. Kun san yadda abin ya fara? Wasu 'yan mata ne suka riƙa fizge-fizge suna kiran sunayen mutane. Da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi, domin abin da na gani ke nan a ƙofar gidanmu. Sai a 2022 shugabar gwamnatin Sikotland ta lokacin, Nicola Sturgeon, ta fito ta nemi gafara a madadin ƙasarta kan waɗanda aka kashe ƙarƙashin dokar 1563. Neman gafarar ya zo bayan ƙasusuwansu sun zama ƙasa.

NA SAN ABIN DA WASU ZA SU CE

Wani zai ce, wato kai yaron nan boko ya sa kana musun sihiri da aljanu? A'a. Alƙur'ani ya ambaci sihiri a aya ta 102 ta Suratul Baƙara, akwai kuma sura guda mai sunan aljanu, kambun baka ma ya tabbata a hadisi. Ban musa ko ɗaya ba. Tambayata ita ce, daga yarda da cewa akwai sharri a duniya zuwa nuna wata tsohuwa da yatsa a ce ita ce, wace hujja ce ta haɗa su? Addinin da ya ce akwai sihiri shi ne ya hana mu yawan zato da jifan juna da munanan sunaye, ya kuma ce mu bincika labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci, duk a Suratul Hujurati. Wane alƙalin Musulunci ne zai karɓi shaidar yaro ɗan shekara shida da zazzaɓi ya juya wa kai? Wane littafin fiƙihu ne ya ce a tuɓe mace a bainar jama'a ta tsallake mara lafiya? Wanda ma ya je wurin boka don a faɗa masa wanda ya kama ɗansa, shi ne hadisi ya yi wa gargaɗin cewa ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba.

Wani kuma zai ce, to ina amfanin sanin sunayen iskoki da dodanni, ba tallata shirka ba ne? Sanin abu daban, bauta masa daban. Nana Asma'u 'yar Shehu ta san bori sarai, ta san yadda ya kama matan karkara, kuma ba da dutse ta yaƙe shi ba. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Wanda bai san bambancin boka da maye ba, ba zai iya yi wa ko ɗaya wa'azi ba, sai dai zagi.

Ga kuma doka, ga wanda bai sani ba. Kundin Penal Code na Arewa na 1960, a sashe na 216, ya sa zargin mutum da maita cikin laifuffuka, hukuncinsa ɗauri har zuwa shekara biyu ko tara ko duka biyun. A watan Yulin 2021 kuma Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri na neman ƙasashe su kawo ƙarshen cutar da mutane da sunan zargin maita. Wato a daren nan masu laifi a idon doka su ne masu ihu, ba wadda aka fito da ita ba.

MU DA MUKE ZAMAN BAƘUNTA

Wannan magana ta fi shafar mu fiye da 'yan uwanmu na Kano ko Katsina. Garin nan a wajajen 1893 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa shi, kusa da Kona, ya kuma zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agustan 1991 da aka cire Taraba daga Gongola. Baba tun ana Gongola ya zo, ni a nan aka yanke mini cibiya, amma ranar da na je neman takardar zama ɗan ƙasa sai da aka tuna mini cewa kakana ba a nan aka binne shi ba. Muna zaune ne tsakanin Mumuye da Kona da Fulani da Jenjo da Wurkun da Tibi da sauransu, da su muke ciniki, a gonakinsu ake noma abin da muke lodawa. Mun kuma ga yadda ƙaramin abu ke zama gobara a jihar nan. A watan Mayun 2013 rikici ya ɓarke a Wukari lokacin jerin gwanon jana'izar wani basaraken gargajiya, aka yi asarar rayuka da dukiya ta kowane ɓangare, aka sa dokar hana fita.

Ku ɗauka a daren nan dutsen ya sauka a kan Mama. Washegari labarin da zai isa Zing shi ne Hausawa sun kashe tsohuwar Mumuye, ba wanda zai tsaya tambayar zazzaɓin yaro. Shagunan wa za a fara ƙonawa? Motar wa za a tare a hanya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma mu tuna cewa sunan da muke liƙa wa baƙo mara dangi, a wata unguwar mu ne baƙin.

Don haka roƙona ga 'yan uwana matasa, idan yaro ya fara fizge-fizge ko sambatu, a yi masa addu'a a kan hanyar asibiti, kada a jira kwana uku. Idan ka ji an ce wance mayya ce, ka tambayi mai faɗar me ya gani da idonsa. Iyayenmu mata su daina hana yara karɓar abu daga hannun wata tsohuwa saboda an ce an ce, domin daga nan ake shuka abin. Limamanmu da masu unguwanni su taɓo wannan magana a huɗuba da wurin taron suna, tun kafin a zo ranar da za a nemi mai tsayawa a gaban taro a rasa. Masu ɗora Hausa a kan bidiyon ƙasashen waje kuma su ji tsoron Allah, in ba su san sunan abu ba su tambaya.

Da kakar doyar da ta wuce na bi mota zuwa Zing, na yi ta tambaya har aka kai ni ƙauyen su Mama. Na same ta a gindin mangwaro tana ɓare gyaɗa, ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, na zo ne in ba ki haƙuri a kan abin da aka yi miki a unguwarmu." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ai ba kai ka ɗauki dutse ba." Na kasa gaya mata abin da na raya a zuciyata a daren. Ta tambayi yaron nan ko ya warke sarai, na ce yana makaranta, ta ce to madalla. Da zan tafi ta sa jikanta ya ɗauko manyan doya guda uku, ta ce, "Ka kai wa Alhaji, ka ce ina gaishe shi."

Hausawa na cewa in maye ya manta uwar ɗa ba ta mantawa. Wanda aka kira maye alhali bai ci kowa ba, shi ma ba ya mantawa, kuma akwai ranar da za a tsaya da shi a gaban Wanda ba Ya mantuwa.

Allah Ya tsare mu da sharrin masu sharri, Ya tsare bayinSa da sharrin harsunanmu, Ya zaunar da Taraba da Najeriya lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, a yafe ni.

Wassalamu alaikum. Naku, ɗan uwanku daga Jalingo.